Murhun Da Na Ƙera Wa Ya Falmata

Unguwar Gwadabawa,
Jimeta.

Ɗana Jibrilla,

Aminci da rahamar Allah su tabbata a gare ka. Ina roƙon Ubangiji ya sa wannan takarda ta iske ka lafiya, ya tsare motar da ta ɗauke ka, ya sauke ku cikin mutanen kirki. Na ba mahaifiyarka, Dadarka, ta cusa maka ita a jaka, na ce kada ta gaya maka sai za ka fita, don na san halina kuma na san naka. In na zaunar da kai da niyyar nasiha, faɗa za mu sake yi.

Ka ce sai ka tafi kudu aikin kamfanin da ke narkar da tsofaffin ƙarafa yana fitar da rodi. Na hana, ka kafe, yanzu na sakar maka. Tunda wutar da na sani ce za ka je ka tsaya a gabanta, bari in gaya maka abin da ta yi mini, da abin da ni na yi wa kaina.

Ban kai shekarunka ba lokacin da na bar Jimeta na kama aiki a kamfanin ƙarfe. Kai ba ka taɓa ganin wurin ba, hoto kawai ka sani. Da a ce ka ga tanderun nan ranar da ake zuba narkakken ƙarfe, da ka gane abin da ya sa tsofaffi irinmu ba ma gajiya da labarinsa. Zafin Yola na bazara da kuke kuka da shi, a can inuwa ce. A bakin wannan tanderu na haɗu da Modu, wanda kuka tashi kuna kira Bappa Modu. Babarbare ne dogo, mai dariya da dukkan jikinsa. Shi ya raɗa wa tanderun suna Hajiya, wai tana ci ba ta godiya. Kullum da butar shayinsa yake zuwa, ya ɗora ta a kan rodin da aka fitar yana hucewa, kafin heluma, shugaban aikinmu, ya zagayo ruwa ya tafasa.

Ka san ɗingishin da nake yi. Ƙuruciya ce ta jawo mini. Zafi ya dame ni wata rana na cire takalmin aiki na sa silifa, don in nuna wa sababbin zuwa ni tsohon hannu ne. Wani ya jefa jiƙaƙƙen ƙarfe cikin narkakke, abin ya yi tsalle, ɗigo ɗaya ya sauka a bayan ƙafata ya ci har ƙashi. Modu ne ya goya ni zuwa asibitin kamfani yana zagina da Barbarci duk hanya. To ka ji. Kada ka cire takalmi, kada ka cire safar hannu, kada ka cire gilashin ido, ko da duk wanda ke wurin ya cire yana yi maka dariya. Duk ƙarfen da ruwa ya taɓa, da duk bututun da bakinsa ke toshe, kada ka yarda ya shiga wuta kana tsaye. In an matsa maka, ka ajiye aikin. Aiki ana samun wani, ƙafa ba a samu.

Wannan ƙaramin kuskure ne. Babban shi ne jira.

Da kamfanin ya fara tangal-tangal, yau a kunna wuta, gobe a kashe, aka ce mana gyara ake yi. Daga baya jiniyar safe ta daina bugawa gaba ɗaya. Modu bai ɓata lokaci ba, ya ɗaure kayansa. Ranar da zai tafi ya je jujin da ake zubar da guntaye, ya ɗauko wani guntun rodi daga zubin ƙarshe da muka yi da hannunmu, ya yanka shi biyu ya miƙo mini rabi.

Ya ce, "Sule, riƙe wannan, shi ne rabonmu. Mu tafi gida. Wutar da ta mutu ba ta san kana jiran ta ba."

Na ji haushinsa, na ce masa ba shi da haƙuri. Na zauna a kwatas shekara da shekaru, kullum in yi wanka in sa kakin aiki in je bakin ƙofa mu zauna da irina, muna tambayar masu gadi ko an ji wani labari. Ciyawa ta fito a kan layin dogon da ke shiga ciki, awaki suka mayar da ɗakin awo wurin kwana. Dadarka tana goye da yayanka, Hamma Isa, tana soya awara a bakin hanya don mu ci, ni kuwa ina zaune ina gadin abin da ba nawa ba. Sai da ƙarfina na samartaka ya ƙare a zaman banza sannan na dawo Jimeta na buɗe wannan rumfar walda.

Jibrilla, ka so aikinka, amma kada ka auri kamfani. Ranar da ka ga hayaƙi ya daina tashi ana ce maka gobe, ka duba hannunka, shi ne naka, ka ɗauke shi ka yi gaba.

Da na koyi darasin nan sau ɗaya, da da sauƙi.

Ka san ni da Hamma Isa ba mu jitu a rumfa ba. Duk abin da ya haɗa sai na nemo masa aibu. In layin waldarsa ya miƙe, in ce ya cika kauri. In ya yi siriri, in ce ba zai riƙe ba. Haka aka koya mini, na ɗauka haka ake koyarwa. Da abin ya ishi kowa, na tura shi wajen Modu, a garinsu can gindin duwatsu ta wajen iyakar Borno, inda ya buɗe tasa rumfar. Na ce ko a hannun wani zai yi hankali.

Sai fitina ta taso. Kana ƙarami, amma na san kana tuna yadda Jimeta ta cika da baƙi, makarantu da masallatai da zaurukan mutane duk an shimfiɗa tabarmi. Abin da ba ka lura da shi ba shi ne, ban taɓa samun aiki kamar na wancan lokaci ba. Kowa ƙofar ƙarfe yake so, kowa tagar ƙarfe, kowa a ƙara masa tsini a kan katanga. Tsoron mutane ne ya riƙa ciyar da gidanmu. Dadarka ta yi ta cewa, "Malam, a kira yaron nan ya dawo." Ni kuwa kaina yana cikin aiki, in ce mata abin bai kai garinsu ba, a bari bayan Salla. Kullum a bari. Ba a kai Sallar ba 'yan bindiga suka shiga garin. Masu walda da makanikai suke nema, don su yi musu aiki a daji. Suka tafi da Modu, suka tafi da Isa. Har yau ba wanda ya zo ya ce mana ga su a raye, ba wanda ya ce ga inda aka binne su.

Ba sabon labari nake ba ka ba, a cikinsa ka girma. Na maimaita ne don ka ji shi daga bakina: in zuciyar wanda ke ƙaunarka ta ƙi kwanciya da wani abu, kada ka ce masa a bari. Ka tashi a ranar. In ya zama ba komai, ka yi asarar tafiya ce kawai.

Yanzu ga abin da ba ka sani ba, don kana makaranta lokacin da ya faru.

Matar Modu, Ya Falmata, ta iso Jimeta da ƙafa ta cikin duwatsu, ita da 'yan matanta biyu. Wani malamin allo ɗan garinsu ya ba su ɗaki a unguwar Rumde. Duk shekarun da ta yi a can, nakan aika mata da hatsi ta hannun Dadarka, amma ni ban taɓa zama a gabanta ba. In aiki ya kai ni Rumde, sai in zagaye layinsu. Ita ce mutum ta ƙarshe da ta ga ɗana, ni kuma ina tsoron abin da za ta faɗa.

Bara ta ce za ta koma gida, tunda mutane sun fara komawa. Mu tsofaffin ma'aikatan kamfani da muka rage a Yola ba mu da yawa, mukan haɗu jefi-jefi a gonar Malam Bello a Mbamba, ƙarƙashin mangwaro, mu yi ta hirar wutar da ta mutu. A nan Malam Bello ya ce bai kamata matar Modu ta tafi hannu biyu ba, a yi mata wani abu na tunawa da shi da kuma aikin da muka yi tare. Kowa ya juyo ya dube ni.

Na karɓa da murna, har na yi mamakin kaina. Na share ƙasan rumfa na yi ta zane da alli ina gogewa. Na yanko farantin ƙarfe mai kauri, faɗinsa ya kusa rabin ƙofa. Na fitar da bututun hayaƙin kamfani a jikinsa, da tanderu, da babban ludayin da ke zuba narkakken ƙarfe, har da ɗigon da ke zuba na yi shi da jan ƙarfe don ya yi kama da wuta. Na kewaye shi da haƙoran inji. A ƙasa na rubuta da walda, harafi bayan harafi: Marigayi Modu, Gwarzon Ma'aikaci. Na goge shi har mutum yana ganin fuskarsa. Ban taɓa yin aiki mai kyansa ba. Masu wucewa suna tsayawa kallo, ni kuwa ina jin daɗi.

Da ni da Malam Bello muka ɗora shi a Keke Napep muka kai Rumde, mu biyu muna nishi kafin mu shigar da shi tsakar gida. Ya Falmata ta fito ta gaishe mu, ta tsuguna ta daɗe tana kallonsa. Ta sa babbar 'yarta ta karanta mata rubutun. Sannan ta ɗago, da Hausarta ta Barebari, a hankali, ba faɗa.

Ta ce, "Malam Sule, an gode. Aiki ya yi kyau. Amma a ina zan rataye shi? An ce gidan namu ba bango."



Ta ce, "In kuma an sake cewa a gudu, wa zai ɗauka? Ni ko yaran?"

Malam Bello ya fara cewa ai abin tunawa ne, ta ɗaga masa hannu.

"Kun rubuta marigayi. Wa ya wanke shi? Wa ya yi masa salla? In kun sani ku gaya mini, in yi takaba in huta."

Haka muka sake kinkimar abinmu muka fito. Na dawo gida ina huci, ina cewa mace ba ta san darajar aiki ba. Dadarka ta bari na gama, tana tankaɗe ba ta ko dube ni ba, ta ce, "Kai ka yi wa kanka abin da kake kewa. Ita ka tambaye ta abin da take kewa?"

Ka riƙe wannan, don za ka yi wa mutane aiki duk rayuwarka. Kyauta ba wurin nuna gwaninta ba ce. Kafin ka sa alli a ƙasa, ka je ka ga inda abin zai zauna, da hannun da zai ɗauke shi. Kuma kada ka rubuta wa mutum abin da bai riga ya yarda da shi a ransa ba, ko da kai kana ganin gaskiya ce.

Na yi kwanaki ina juya maganar kafin na iya komawa Rumde ni kaɗai. Na zauna a bakin tabarma kamar mai neman gafara, na ce, "Ya Falmata, cikin abin da Modu ya ƙera da hannunsa, me kika fi jin rashinsa?"

Ba ta yi dogon tunani ba. Ta ce murhu. Tun tarewarta ya ƙera mata murhun gawayi, a kansa ta dafa abincin sunan duk 'ya'yanta. Ranar da aka shigo garin, ta bar shi da tukunyar kunu a kai.

Da na koma rumfa ban taɓa alli ba sai da na sauko da guntun rodin nan daga saman ƙofa, inda ya yi shekaru yana tsatsa. Rabin da ke hannun Modu ya tafi da rumfarsa da aka ƙona, nawa ne kawai ya rage. Na kankare shi, tambarin kamfani ya fito a jikinsa kamar jiya aka buga. Na yanka shi gunduwa-gunduwa na jera su suka zama ragar da gawayi zai zauna a kai, na bar gunduwar da ke da tambarin a tsakiya. Jikin murhun na naɗe shi zagaye, ƙasa ya fi sama faɗi, siffar tanderunmu sak. Na yi masa 'yar ƙofar iska a gindi wadda ake ja sama a sauke, kamar yadda muke buɗe wa Hajiya baki. Wanda bai san kamfani ba, murhu kawai zai gani. Wanda ya sani, da kallo ɗaya zai gane.

Na farko da na haɗa, na sa Dadarka ta yi gammo ta ɗora a ka ta zagaya tsakar gida. Ta sauke ta ce wuyanta zai karye, ba macen da za ta hau dutse da wannan. Na farke shi na sake da faranti marar kauri, na rage ƙafafun, na naɗe hannayen da waya don a iya ɗauka ko da zafi. Ta sake ɗorawa ta ce yanzu ko da goyo za a iya. Ka duba irin awon da zamani ya sa muke yi wa kyauta, Jibrilla: ko za a iya gudu da ita. Ban rubuta komai a jikinsa ba, ko harafi ɗaya.

Da hantsi na kai mata. Ta juya shi, ta ja 'yar ƙofar sama ta sauke, ta sake ja. Sai ta yi 'yar dariya, ta ce, "Wannan ai Hajiya ce." Ashe Modu ya ishe ta da labarin. Ta aiki 'yarta ta kawo gawayi, ta hura, ta ɗora buta. Muna zaune muna jiran ruwa ya tafasa, ba tare da na tambaya ba, ta fara magana, idonta a kan wutar.

Ta ce da safe 'yan bindigar suka shigo. Isa ya riga ya tsallake katangar baya da ita da yaran, sun shige gonar dawa, ƙaramar tana kafaɗarsa. Daga cikin dawar suna hango bakin rumfa. An fito da Modu ana so ya hau bayan mota, gwiwoyinsa kuwa sun daɗe da lalacewa, ya kasa ɗaga ƙafa, suka hau dukansa da gindin bindiga. Isa ya sauke yarinyar ya miƙa mata. Ta riƙe rigarsa, ya zame. Ya fita fili hannunsa a sama yana cewa, "Ku bar shi, ni ne yaronsa, ba ya iya aiki sai da ni." Ya durƙusa Modu ya taka bayansa ya hau, shi ma ya hau. Iyakar abin da ta gani ke nan.

Ta zuba mini shayi, na kasa ɗauka. Ta ce akwai sauran labari. Wata rana kafin fitinar, ƙafar tsohon murhunta ta karye, Isa ya gyara. Modu ya ɗaga yana duba waldar, ya ce, "Kai, wannan ai hannun Sule ne." Ta ce yaron nan yini ya yi yana murmushi shi kaɗai, har tana tsokanarsa ko budurwa ya samu.

A gaban matar abokina, da rana tsaka, na yi kukan da ban yi ba tun ranar da labari ya iso. Shekaru wannan magana tana Rumde tana jira na, tafiyar da ba ta kai a hau mota ba, tsoro ya hana ni zuwa in karɓa. Kada ka guji mutumin da ke riƙe da labari mai ciwo. Abin da kake ƙirƙira wa kanka a cikin rashin sani ya fi gaskiyar muni, kuma ba ya ƙarewa.

Ta tafi bayan kwana kaɗan, murhun a ɗaure cikin buhu a kan cinyarta, ta ƙi yarda a sa shi a saman mota. Ta kira Dadarka daga can ta ce gidan ba rufi, a fili take girki, amma murhun ba ya cin gawayi. Tun damina lambarta ba ta shiga. Wasu sun ce sabis ne ya lalace a yankin, wasu sun ce an sake watsewa. Ban sani ba. Farantin nan mai kyau da ta ƙi karɓa kuwa yana bayan rumfa, fuskarsa a jikin bango. Ka sha ganin bayansa ba ka tambaya ba.

Akwai nasihar da na yi ta neman yadda zan rubuta maka ita, na kasa. Inda za ka akwai haɗari, kuma za ka yi abokai a bakin wuta kamar yadda na yi. Wata rana abu zai iya ɓaci, kai kana waje, wani yana ciki. Ina so in ce maka ka gudu, ka tuna kai kaɗai ka rage mana. Wallahi abin da zuciyata ke so in faɗa ke nan. Amma duk lokacin da na ɗauki biro sai in ga yayanka durƙushe Modu yana taka bayansa, sai hannuna ya ƙi. Ba zan ce ka koma ba, ba zan ce ka gudu ba. Allah ya sa kada a taɓa kai ka wannan matsayi.

Abin da zan iya faɗa shi ne wannan. Ƙofar da ka haɗa wa masallacin layinmu da hutun da ya wuce, bayan ka fita na je na tsaya na bi layin waldar da yatsa daga sama har ƙasa. Na nemi aibu ban samu ba. Da ka dawo na ce maka fentin ya yi yawa. Fentin ma lafiyarsa lau. Hannunka ya fi nawa, Jibrilla, ya fi nawa ko a lokacin da nake da ƙarfi. Ba don ina ganin ba za ka iya ba na hana ka tafiya.

Ka riƙe salla a kan lokacinta ko aiki ya matse. Ka ci abinci kafin ka shiga zafi, ka sha ruwa da yawa. Duk ɗakin da ka kama, ka ba maƙwabcinka lambar Dadarka, ka ba mu tasa, don in taka ta ƙi shiga mu san wanda za mu tambaya. Ka riƙa kiran ta ko ba ka da abin faɗa. Ba ta iya barci in waya ta yi shiru, ka san dalili.

Gobe in ka fito ba za ka same ni a gida ba, zan yi sammakon rumfa. Kada ka ɗauka fushi ne. Ni na raka Isa tasha, na tsaya ina yi masa faɗa a kan ya manta gilashin walda har mota ta tashi. Ba zan iya sake tsayawa a wurin nan ba.

Allah ya kiyaye ka daga wuta, da ƙarfe, da mugun mutum. Ya sa ka gama da duniya lafiya. Na yafe maka duk abin da ka yi mini, da wanda ka sani da wanda ba ka sani ba, kai ma ka yafe mini. Allah ya yi maka albarka, ya dawo mana da kai da ƙafarka.

Ni ne mahaifinka,
Sule mai walda.